Kwanon da Bashira Ta Ɗauraye

Shamsiyya na ƙofar gidan kifin Nu'uman da kular abinci a hannu, Hajiya Ma'u ta tare hanya.

"Nan za ki tsaya. Hannunki ya riga ya yi ɓarnar da zai yi."

Uwar Nu'uman ce. Tun ranar da ɗanta ya ce bazawara zai aura take neman abin kamawa, yau kuwa ta samu. Shekaranjiya Nu'uman ya tatse ƙwan macen tarwaɗa, ya haɗa da maniyyin namiji yadda ya saba, ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. Duk suka yi fari suka ruɓe. Shamsiyya ce ta riƙe masa kan kifin da tawul lokacin tatsa.

Shi ke nan, wai juya ta taɓa ƙwai.

Da wannan kalmar mijinta na Kaugama ya sake ta, mutumin da bai taɓa leƙa asibiti an duba shi ba. Yanzu har tarwaɗa ta shiga cikin masu ƙararta.

Ta dubi Nu'uman. Wannan dai mai kiranta hasken idona a waya, mai rantsuwa ko Haɗejiya kaf ta taru ba zai bar ta ba. Yana tsaye bakin tanki yana sosa ƙeya.

"Shamsi... ki ɗan je gida tukunna. Zan kira ki."

"Kar ka ɓata katinka."

Ta ajiye kular a ƙasa ta juya.

Kafin la'asar magana ta zaga unguwa. Bashira, 'yar ƙanwar Hajiya, wadda ta daɗe tana gyara ɗaurin ɗankwali saboda Nu'uman, ita ta raba ta gida gida, tana ƙara mata gishiri. Har cewa ta yi kajin maƙwabtan Shamsiyya ma sun daina saka.

Mako ya zagayo, Nu'uman ya shirya wata tatsar. Bashira ta iso da sassafe cikin ƙamshi. Ya farke namijin tarwaɗa ya ciro maraina, ya waiga neman kwano, sai ga ta tana miƙo masa, ruwa na ɗiga a gindinsa.

"Ga shi, Yaya Nu'uman, na ɗauraye maka. Wancan karon ma ni na ɗauraye, ban dai faɗa ba."

Ya shafa cikin kwanon, yatsansa ya fito a jiƙe.

Maniyyin kifi kwance yake shiru har sai ruwa ya taɓa shi. Da ya ji ruwa sai ya farka ya yi ta gudu, kafin ka gama alwala ƙarfinsa ya ƙare. Shi ya sa ake matse shi a busasshen kwano, a cuɗa da ƙwai, sannan a zuba ruwa. Ranar tatsar farko ya matse maniyyin kifin a jiƙaƙƙen kwano cikin duhun ɗaki, ya tafi fama da macen. Mushe ya zuba wa ƙwan. Shi da ya yi karatun abin, ya tsaya uwarsa na koya masa camfi.

Da yamma ya zo zauren su Shamsiyya, ya zayyana mata komai, yana haɗawa da masoyiyata da rabin raina. Ta bar shi ya gama.

"Wato namijin ne ya mutu, aka kama mace."

"Ki yafe mini, Shamsi."

"Da Bashira ba ta yi suɓul da baka ba fa? Da har yau ina gida ina jiran kiranka?"

Ta ji tausayinsa ya taso mata, ta danne. Tana sonsa, kuma wannan ne ya fi ba ta haushi.

Ta ce ba ta neman kuka, ba ta neman atamfa. Sunanta aka ɓata a bainar jama'a, can za a gyara shi. Hajiya da Bashira su zo gidan nan, a tara matan unguwa, su faɗi abin da ya kashe ƙwan da bakinsu. In ba haka ba ya auri mai wankin kwano.

Hajiya ta ce sai dai bayan ranta. Nu'uman ya daina cin tuwonta, ya koma kwana a gidan kifi. Ba a jima ba ta yafa mayafi ta zo, fuska kamar an aiko mata da mutuwa, Bashira na biye tana jan ƙafa.

Mata sun cika tsakar gida. Hajiya ta yi maganar a ciki ciki.

"Hajiya, na baya ba su ji ba," in ji Shamsiyya.

"Na ce ba ke ba ce! Kwano ne."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure. Ranar da ta tare, Nu'uman ya riƙe hannunta yana lissafo sunayen 'ya'yan da za su haifa. Ta zare hannun a hankali.

"Ban yi maka alkawarin haihuwa ba, masoyi. In ta zo, alhamdu lillahi. In ta yi jinkiri, kai za a fara dubawa."