Ajin da Lauya Bai Faɗa Ba

Mota ta tsaya a ƙofar shagon wayoyi da rana tsaka. Mutum huɗu a ciki, bindiga ɗaya kwance a kujerar baya, kowa yana harararta kamar kashin kare.

"Guntu, ɗauka," in ji Oga.

"Ni sabon shiga ne, Oga."

"Shi ya sa. Lauya ya ce ana yi muku sassauci."

Birki direba ya riƙe sitiyari. Duk wannan laifin Lauya ne. Lauya bai taɓa shiga makarantar shari'a ba, amma ya tsaya gaban alƙali sau da yawa har masinjan kotu yana tambayarsa lafiyar iyali. Jiya a bayan gareji, ana cikin tsara aiki, ya gyara zama ya buɗe musu karatu. Ya ce doka ba ta yi wa masu laifi kuɗin goro, aji-aji ta raba su. Akwai wanda ya aikata da hannunsa, shi ne babba. Akwai wanda ya zuga, akwai wanda ya taimaka ana cikin yi, akwai mai sayen kayan sata. Can ƙasa kuma akwai wanda ya taimaka bayan an gama, bai san da shirin ba. Shi hukuncinsa kamar shan iska ne.

Nan take Oga ya sauke kansa daga shugaba zuwa mai ba da shawara. Birki kuwa ya shiga lissafi. Sau biyu yana zuwa gidan yari, kuma Lauya ya ce na uku sunansa ɗan gida, alƙali ko ɗaga kai ba ya yi. Matarsa ma ta riga ta yanke nata hukuncin: in ya sake shiga, kada ya neme ta da kwanon abinci, ya neme ta a gidan ubanta.

Saboda haka ya ja Lauya gefe, suka yi dabara. Zai sauke su, ya tafi abinsa, ya zagayo ta bayan kasuwa. In ya dawo an gama, sai su tare shi kamar tasi. Mai taimako bayan an gama ke nan, aji na ƙasa.

Da ƙyar Guntu ya ɗauki bindigar da yatsu biyu. Suka fita. Birki ya ba mota wuta.

A cikin shago, Guntu ya ce kowa ya kwanta. Mai shagon, wata dattijuwa mai tabarau, ta ce gwiwarta ba ta lanƙwasuwa, sai dai ta zauna. Aka bar ta ta zauna. Oga ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, yana ba da shawarar a buɗe durowa. Babu wanda ya buɗe, don duk wanda ya taɓa ya hau aji. Lauya ya ce bari ya duba baya, ya shige banɗaki da wayarsa.

Birki yana zagaye yana jin kansa wankakke. Har rediyo ya kunna. A kwanar kasuwa sai ga 'yan sanda uku suna tura motarsu da ta mutu. Sajan ya ɗaga hannu.

Birki ya taka sunansa.

"Direba, Allah ne ya kawo ka. Fashi ake yi a shagon wayoyi. Ka san wurin?"

Ya so ya ce bai sani ba, sai bakinsa ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe."

Sajan ya shiga gaba, biyu suka shiga baya suka duƙa don kada a hango hula. Sajan yana ta yaba masa, wai da talakawa duka irinsa ne da ɓarayi sun koma noma. Birki ya tuƙa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya tsaya wa akuya, ya tsaya wa mai keke. Titin dai bai ƙara tsawo ba.

A shago kuwa haƙurin Oga ya ƙare. Ya fizgi kwalin wayoyi da hannunsa, aji ko ba aji ba. Ya hango motarsu tana tahowa.

"Ga shi nan! Gudu!"

Suka fito a guje. Guntu ya ɗaga hannu ya yi ihun "Tasi!" yadda Lauya ya koya masa. Oga ya fizge ƙofar baya, ya faɗa ciki da kwali, ya sauka a cinyar kofur.

"Birki, ɗan iska, ina ka tsa..."

Ankwa ta ce ƙaras.

Sajan ya juyo a hankali ya dubi direban kirki. "Kun san juna?"

"Bayan an gama na san shi, ranka ya daɗe," in ji Birki.

Ranar shari'a Birki ya miƙe ya yi bayanin ajinsa tiryan-tiryan. Alƙali ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce wanda ya zauna aka ƙulla da shi, ya kai mutane wurin da motarsa, shi da mai bindiga duk ɗaya ne a wurin doka, ko da ya je zagayen duniya ya dawo. Ya ce a kira shaidar gwamnati.

Sai ga Lauya, da sabuwar riga, har da biro a aljihu. Shi ne ya kira 'yan sanda daga banɗaki. Ya faɗi komai, har da dabarar tasin.

Da ake fita da su, Birki ya matsa kusa da shi. "Wannan wane aji ne?"

"Mai laifin da ya zama shaida. Gida yake kwana."

"Ba ka faɗa mana shi ba."

"Kujera ɗaya ce a ajin, ɗan'uwa."

Guntu ya samu sassaucinsa, ɗan kaɗan. Oga ya tafi da shekarun da za su cinye sauran baƙin gashinsa. Mai shago ta karɓi wayoyinta cif. Motar Birki tana harabar kotu a matsayin shaida, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Matarsa ta cika alkawari, ko cokali ba ta aiko ba.

Yanzu a gidan yari, duk sabon da aka kawo, wurin Birki ake tura shi ya koyi ajinsa. Yana koyarwa tsakani da Allah, kyauta. Sai dai shi daga ajin da Lauya bai faɗa ba yake farawa.