Duk Abin Da Nake Kiɗa Da Shi

Tsawa ake ce masa, shi ke kaɗa jitar bes, mai kaurin sauti, a ƙungiyarsu ta kiɗan pank mai ihu da hargowa. Bakinsa kuwa ya fi kiɗansa zafi.

Ran nan bayan an tashi daga wasa, yana ɗakin ajiya shi kaɗai yana naɗe waya, sai ga wani tsoho ya shigo ba sallama. Amfilifaya, akwatin ƙara sautin jita, da aka riga aka zare daga wuta ta soma gurnani a hankali, ɗakin ya ɗauki ƙarnin jini.

"Yaro, ara mini kayan kiɗanka mana," in ji tsohon. Muryarsa ta yi kauri, har Tsawa ya ji ta a haƙarƙarinsa.

Tsawa ya tuntsire da dariya. "Baba, kai da ko tsayuwa sai da ƙyar? In ka iya ɗagawa, duk abin da nake kiɗa da shi na bar maka. Ka je ka yi wa matattu wasa."

Tsohon ya rataya jitar, ya kwashe wayoyin, ya sunkuci amfilifayar da ƙarti biyu ke nishi kafin su ɗaga. Sai ya dire ta a bakin ƙofa, ya toshe hanya.

"Da saura," ya ce, ya cafke hannun Tsawa na hagu.

A nan Tsawa ya ga yatsun tsohon. Kowane da launin fatarsa daban, an ɗinke su da tsirkiyar jita, kowane da kantar makaɗi. Gurbi ɗaya ne babu yatsa.

Tsohon ya gwada manuniyar Tsawa a gurbin, ya yi murmushi.

"Daidai."