Jan Biro

"Ki ajiye littafin nan, Auta!" in ji Yaya ta waya. "Mutumin da ya yi wata takwas bai neme ki ba, shi kika zauna kina karantawa?"

"Kurakuransa nake nema, Yaya..."

Ƙarya take yi. Jirgin ƙasan ya wuce tasha uku, jan bironta na kan cinya, ko murfinsa ba ta cire ba.

Auta marubuciya ce, mijinta ma haka. Shekara huɗu, duk shafin da ya rubuta sai ya bi ta ƙarƙashin biron nan. A kan babi ɗaya suka ɓata. Ta rubuta masa a gefen takarda cewa dole jarumin ya ba matarsa haƙuri, shi kuwa gogan naka ya ce namiji ba ya haka. Magana ta yi tsami har ta haɗa kayanta.

Yau gidan Baba za ta, ta faɗa masa a raba auren kawai.

A tasha ta sayi sabon littafin nasa don ta ƙara jin haushinsa. Sai ga ta tana murmushi ita kaɗai, tana komawa layi sau biyu saboda daɗinsa. Kishi ya kama ta, alfahari kuma ya fi kishin yawa.

A shafi na ɗari biyu da tara ta tsaya cak.

Jarumin ya durƙusa gaban matarsa. Kalmomin da ya faɗa, nata ne, waɗanda ta rubuta da ja. Ko waƙafi bai canza ba.

"Lafiya, 'yata?" tsohuwar da ke gefenta ta tambaya, ganin hawayenta.

"Littafi ne, Inna."

"To Allah ya kyauta. Wannan kuka ya fi ƙarfin littafi."

Ta kira mijin nata. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Na ga ka gyara babin."

"Tun ranar da kika tafi..." in ji shi. "Bakina ne ya kasa."

"Saura gyara ɗaya. A takarda kawai aka faɗa."



"Ki yafe mini, Malamata. Na yi kuskure, gidan ba ya zaunuwa babu ke."

Ta share hawaye da bayan hannu, ta jefa biron cikin jaka.

"Tasha ta gaba zan sauka. Ka zo ka ɗauke ni."