Takunkumin Mai Feshi

Ƙarfe biyu na rana aka kira Sufeto zuwa zauren masu zane na unguwa. A ranar ake koya musu yadda za su kare lafiyarsu a bakin aiki, sai ga gawa a ɗakin feshin fenti.

Tun daga ƙofa warin fenti ya shaƙe shi. Kawunan mutum-mutumin siminti na jere a kan kanta, ko ɗaya ba a yi wa idanu ba, amma ya ji a jikinsa kallonsa suke. A ƙarƙashinsu Mai Feshi yake kwance cikin shuɗin fenti, takunkumi ɗaure a fuskarsa.

Sufeto ya kwance takunkumin. An cire matatar da ke tace iska. An manne taga da salatif. Ƙofar kuma, in ji Kofur da ya riga shi zuwa, ta waje aka sa mata sakata.

Ya fara da Mai Sassaƙa, dattijon da ya tsinci gawar.

"Baba, wa ya sa sakatar?"

"Yallaɓai, ni ban san komai ba."

"To me kake ɓoye mini?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Bara wata yarinya mai zane ta makance a ɗakin nan. Marigayin ne ya bar asid a gorar ruwa, ta wanke fuska da shi. Dalilin horon ke nan. Takunkumi kuwa, Malama ce ta raba da hannunta."

Malamar horon tana zaune a aji ita kaɗai, ta harɗe hannu kamar mai jiran mota.

"Malama, kin shiga ɗakin feshi?"

"Ko leƙawa ban yi ba."

"Ɗaga ƙafarki."

Shuɗin fenti ne a tafin takalminta. Kofur ya zazzage jakarta, matatar takunkumi ta faɗo, ta gangara har gaban Sufeto.

Ko gezau ba ta yi ba.

"Yarinyar da ta makance ƙanwata ce," ta ce a hankali. "Uwa ɗaya uba ɗaya. Kullum ni ke kama mata hannu in kai ta bakin ƙofa ta ji rana. Da safe ina bayanin asid, sai ya yi dariya, ya ce ai sakarcinta ne ya ja mata."

"Sai kika rufe shi."

"Ina jin sa yana bugun ƙofa. Na ɗaga murya, na ci gaba da darasi har ya daina."

Sufeto ya juya. Ya yi wa Kofur alama, aka sa mata ankwa.

A bakin mota ta tsaya, muryarta ta karye a karon farko.

"Yallaɓai, tana can zaune tana sauraron takuna. Wa zai gaya mata?"

Sufeto ya daɗe riƙe da murfin motar kafin ya rufe.