Sandar Baba Hodi

"Ke Sauda! Takaba ta ƙare, mi kike jira? Gobe motar Argungu da mu za ta tashi!"

"Goggo, ki bar ni in gwada sau ɗaya..."

"Haka kinka ce shekaranjiya! Mace da ɗiya, kin liƙe ɗakin duhu kamar jemage!"

Sauda ta sunkuyar da kai. Goggo ƙanwar mahaifinta ce, ta zo mayar da ita gida Argungu.

Mijinta Kalilu mai hoto ne a unguwar Nasarawa. Duk Birnin Kebbi babu wanda bai ɗauka ba, har wata akuya mai kunne uku da aka kawo daga Augie. Amma da zazzaɓin kwana huɗu ya tafi da shi, aka birkice shagon kaf, ba a sami hotonsa ko ɗaya ba. Kullum shi ne a bayan kyamara. Ga 'yarsu Nana, shekararta biyu, ta fara daina tambayarsa.

Shi ya sa Sauda ta shiga ɗakin wanke hoto da ke gefen zaure, tana bin fina-finan kyamarar da ya bari ɗaya bayan ɗaya. Surukinta Baba Hodi, wanda ya koya wa Kalilu sana'ar, idanunsa sun mutu. Ita kuwa kunya ba ta barinta ta yi masa magana. Sai ya zauna a bakin ƙofa daga waje, yana ba da umarni.

"Aza takarda ƙarƙashin injin. Kunna haske. In na buga sanda sau goma na ce kashe, ki kashe."

Wata uku suna haka. Ta ga amare, ta ga masunta da gorunansu, ta ga jarirai suna tasowa a cikin ruwan magani ƙarƙashin jan ƙwan lantarki. Fuskar kowa ta fito, ban da wadda take nema.

Ranar nan takarda ɗaya ta rage a kwali. Ta zaɓi hoton da ya ɗauke ta a bikin kamun kifi, tana jingine da wata mota, gilashin motar fari fat saboda rana. Ko ba komai, ta san yana tsaye a gabanta lokacin.

Ƙwas... ƙwas... ƙwas...

A bugu na bakwai sandar ta yi shiru. Sauda ta kasa kunne. Tsoho kuka yake yi, a hankali, kamar mai tari. Hannunta na kan makunni, amma ba a ce kashe ba, kuma ina bakin da za ta tuna wa suruki ƙirga? Haske ya yi ta cin takarda.

"Kashe! Wayyo ɗiyata, na ɓata miki..."

Ta tsoma takardar, hawaye na bin haɓarta. Fuskarta ta fito, ta wuce, ta yi baƙi ƙirin. Sai farin gilashin nan ya fara motsi, inuwar mai ɗaukar hoton na tasowa a cikinsa. Hula. Kunnuwa. Kyamara a ƙirji, irin wadda ake leƙawa ta sama. Da wushiryar nan tasa, yana yi mata dariya.

"Masoyina..." ta faɗa da raɗa. "Ashe nan kaɓ ɓoye!"

Da ta fito da shi yana ɗiga, Goggo ta karkata kai.

"To ke ina kike? Kin ƙone ƙurmus!"

"Ni Nana na ganina kullum, Goggo."

Baba Hodi ya ɗago fararen idanunsa. "Mi anka samu?"

Shekara huɗu tana gidan, bai taɓa jin ta amsa masa da baki ba.

"Baba... ya hito."

Tsoho ya miƙa hannu. Ta kama yatsansa ta aza a kan gilashin motar. Ya daɗe a haka.

"Ki tahi da shi Argungu," ya ce. "Ni na gane shi."

Washegari da motar ta bar Nasarawa, yana nan zaune a bakin ƙofar ɗakin duhu, sandarsa a kan cinya.