'Yar Apa a Kwazazzabon Sharin

Kamshat na tsaye gaban murhu tana tsame baursak, irin fanken nan namu, daga mai, mijinta Darhan kuwa ya kafa gwiwar hannu a teburin kicin, waya a hannu, yana ta zuba bayani kamar wanda aka ba jagorancin alhazai.

"Da asuba za mu bar Almati, kin gane? Sharin ba ta son baƙon tsakar rana, duwatsun nan gasa mutum suke yi. Ruwa da yawa, hula, takalmin da ba ya santsi..."

"Ka faɗa jiya. Ka faɗa shekaranjiya."

"To yau ma na faɗa!" Ya miƙa hannu zai saci guda, ta buge masa yatsu da matsami.

Ba a ga laifinsa ba in ya yi zumuɗi. A wannan kwazazzabon ne ya fara ce mata yana sonta, lokacin suna ɗalibai, suna hawowa daga ƙasa yana haki kamar zai shiɗe, har ta ɗauka ciwo ne ya kama shi ta miƙa masa ruwa. Amma zumuɗin Kamshat daban ne, kuma ya fi nasa nauyi. A hanyar Sharin akwai ƙauyen su Darhan, kusa da Shelek, can ne za su biya su ɗauki Inju.

Inju 'yarsu ce ta fari, kuma har yau ita kaɗai Allah ya ba su. A wajenmu jikan fari na kakanni ne, kowa ya san haka. Ana yaye ta, uwar Darhan, wadda duk dangi ke kira Apa, ta zo ta naɗe ta a mayafi ta tafi da ita, a shekarar da mijinta ya rasu gidan ya yi mata faɗi. Yarinyar ta tashi ba ta san wata uwa ba sai Apa. Ubanta take kira Yaya. Uwar da ta haife ta kuwa take kira Jenge, wato matar yaya. Shekara shida Kamshat na amsa wannan suna da murmushi, in ta dawo gida ta shige banɗaki ta buɗe famfo don kada a ji kukanta.

Ta kashe wuta, ta juyo tana goge hannu.

"Darhan, idan mun sauka bakin kogi zan gaya mata."

"Gaya mata me?"

"Ka sani."

Ya ajiye wayar a hankali. "Haba Kamshat. Fikinik fa muka ce za mu je."

"Wata mai zuwa za ta shiga makaranta. Malama za ta ce kowa ya faɗi sunan mamarsa, 'yata ta miƙe ta faɗi sunan uwarka! Ni fa ban ce zan ƙwace ta ba. So nake sau ɗaya, sau ɗaya tak, in ji ta ce mini Mama."

"Apa ba za ta ɗauka ba. Kin san zuciyarta, kin san hawan jininta. Ki ƙara haƙuri kaɗan..."

"Kaɗan! Tun tana rarrafe kake ce mini kaɗan!" Hawaye suka ɓalle mata. "Kai ɗan Apa ne kafin ka zama mijina, na yarda. Amma ni fa, wa gare ni?"

Darhan mutum ne mai baki, wanda zai iya sayar wa makaho madubi, amma ranar sai ya koma juya wayar a kan tebur. Yana son matarsa, yana son uwarsa, kuma ya san duk inda ya karkata sai wata ta yi kuka.

Da yamma ya kira ƙauye don a shirya yarinyar. Ko bai buɗe muryar wayar ba, da Kamshat ta ji, domin Apa in tana waya sai ka ce daga tsallaken kogi take kiran mutum.

"Wane kwazazzabo kuma? Rami dai! Ku mutanen birni ba ku da aiki, ku ƙona mai ku je kallon rami. 'Yata ba ta zuwa bakin rami ba ni."

"Apa, wurin akwai matattakala mai yawa, ga gwiwarki..."

"Gwiwata ta ɗauke ka wata tara ba ta yi ƙara ba. Ku zo ku ɗauke mu tare, in ba haka ba ku tafi ku kaɗai."

Shi ke nan, ranar da Kamshat ta daɗe tana mafarki ta zama ranar Apa.

Kwanakin da suka rage gidan ya yi tsit. Tana ba shi abinci, tana amsa gaisuwarsa, amma babu wasa babu dariya. Ranar Juma'a ya dawo daga aiki ya tarar da kaya a jere bakin ƙofa. Ya tsuguna yana dubawa: ga ruwa, ga baursak, ga dafaffen nama, ga 'yar hular yara mai igiya. A gefe kuma ga kujerar naɗewa, ga bargo, ga man shafa na gwiwa, ga kurt, busasshen cuku mai gishiri irin wanda Apa ke tsotsa a mota don kada zuciyarta ta tashi.

"Wannan duk na Apa ne?"

"Iska na da ƙarfi a sama," ta ce ba tare da ta dube shi ba. "Za ta ji sanyi a ƙafa."

Kunya ta kama shi. Ya tashi ya riƙo hannunta, ta so ta janye, ya ƙi saki.

"Sori, Kamshat. Wallahi na daɗe ina ɓuya a bayan haƙurinki. Gobe Apa ba za ta iya sauka ba, ni na san matattakalar nan. Zan zauna da ita a sama. Ke da Inju ku sauka. Abin da zuciyarki ta ce ki faɗa, ki faɗa. Rigimar da za ta biyo baya ni zan tare ta."

Sai ta kwantar da goshinta a kafaɗarsa.

Gari na wayewa suna ƙofar gidan Apa. Inju ta fito da gudu, kitso biyu na tsalle a bayanta.

"Yaya! Jenge! Da gaske duwatsun ja ne? Apa ta ce ƙarya ce!"

Kamshat ta rusuna ta gaida surukarta kamar yadda ake yi, ta buɗe mata ƙofar mota. Apa ta shiga baya, ta ɗora yarinyar a cinya, ta zagaye ta da hannu biyu, haka aka yi tafiyar har ƙofar gandun da kwazazzabon yake ciki tana kushe tuƙin Darhan.

Da suka tsaya a bakin kwazazzabon, ko Apa sai da ta bar mita ta tsaya kallo. Ƙasa ta tsage ta yi zurfi, jajayen duwatsu sun miƙe daga ciki kamar tsofaffin ganuwoyi, iska na ta kaɗa mayafai. Apa ta dubi matattakalar da ta gangara ta ɓace a kwana, ta dubi gwiwoyinta. Ta taka ɗaya, ta taka ta biyu, sai ta dafe ƙarfen gefe tana cije leɓe.

"An gani ai," ta ce. "Rami ne. Mu koma mota."

"Apa, don Allah!" Inju ta fara bubbuga ƙafa, ido ya cika. "Kogin yana ƙasa! Yaya ya ce akwai kogi!"

Apa na iya jure komai a duniya ban da hawayen yarinyar nan. Ta dubi Kamshat, kallo mai tsawo, irin na wadda ta san abin da ba a faɗa mata ba.

"Kelin," ta ce, kamar yadda take kiran matar ɗanta, "riƙe mata hannu. Kada ki saki."

Suka sauka su biyu. Hannun yarinyar ƙarami ne, mai ɗumi, kuma bakinta bai huta ba ko kaɗan. Wancan dutsen raƙumi ne, wancan tsohuwa ce mai kallabi, wancan kuwa hancin Yaya ne. Kamshat na dariya, tana ta jera kalmomin da ta shekara tana jerawa.

A bakin kogi, ƙarƙashin itatuwa, suka cire takalma suka tsoma ƙafa a ruwa mai sanyin ƙanƙara. Kamshat ta juya wajen yarinyar.

"Inju, matso in gaya miki wata magana."

Yarinyar ta matso, amma idonta na can sama, wajen da suka baro.

"Jenge, kina ganin Apa ta sha maganinta? Ni nake tuna mata, in ba ni mantawa take." Ta rage murya. "Kuma kin san wani abu? Tsoron kwana ita kaɗai take ji. In na je gidan maƙwabta na daɗe, sai in dawo in same ta a bakin ƙofa tana jira. Ta ce ni kaɗai ta rage mata. Amma kada ki gaya wa kowa, sirrinmu ne." Sai ta juyo. "Wace magana za ki gaya mini?"

Kamshat ta dubi fuskar 'yarta. Ta hango tsohuwar can sama a kan kujera, wadda ta rabu da yarinyar, ta damƙa mata ita amana da hannunta. Kalma ɗaya za ta faɗa ta samu abin da take so, amma yarinyar nan ce za ta hau sama da kaya mai nauyi a ƙirji, ba ta san wa za ta kalla ba.

"Hularki ta karkace," ta ce, ta gyara mata igiyar.

A dawowa Inju ta gaji, Kamshat ta goya ta. Kafin su kai matattakala barci ya ɗauke ta, numfashinta na sauka a wuyan uwarta. Hawan ya yi wuya, rana ta yi zafi, amma Kamshat ba ta so ya ƙare ba.

A sama ta tarar da Apa zaune inda aka bar ta, bargo a gwiwa, abinci a gabanta ba ta taɓa ba. Darhan na tsugune gefenta, idonsa ja, alamar an yi maganar da aka daɗe ba a yi ba. Ya karɓi yarinyar ya kwantar a tabarma.

"Kin gaya mata?" Apa ta tambaya kai tsaye.

Kamshat ta sunkuyar da kai. "Ban faɗa ba, Apa."

"Me ya hana ki? Ai don haka aka ƙirƙiro tafiyar. Kun ɗauka tsufa hauka ne?"

"Na so in faɗa, ba zan ɓoye miki ba. Amma ke kika yi mata rainon dare da rana. In za ta ji, daga bakinki ya kamata ta ji. In kuma ba ki so, zan ci gaba da zama Jenge."

Apa ta juya fuska wajen duwatsun, iska na busar da hawayen da take ƙoƙarin ɓoyewa.

"Amanjol da kuke kira Baffa," ta ce a hankali, "ni na haife shi. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Uwar mijina ta ɗauke shi yana jariri. Yau furfura ta cika masa kai, in ya zo gaishe ni har yanzu Jenge yake ce mini. Na yi zaton in na karɓi taki zafin nawa zai huce, Kelin. Bai huce ba. Na dai ɗora miki irinsa ne, kina ɗauke da shi kina zuba mini shayi."

Ta buɗe filas da kanta, ta zuba shayi mai madara a 'yar tasa, abin da ba ta taɓa yi wa matar ɗanta ba. Sannan ta taɓa ƙafar yarinyar.

"Inju, tashi. Ungo, kai wa mamarki, ta gaji."

Inju ta murza ido, ta karɓa, ta tsaya tana waige-waige. "Apa, wa?"

"Wadda ta goyo ki. Ita ta haife ki, ni na raine ki. Duk mu biyu naki ne, babu wadda za ta tafi ta bar ki."

Yarinyar ta tamke goshi. "To Yaya fa?"

"Wannan ƙaton mai surutu? Babanki ne. Haƙuri za ki yi, ba a zaɓe."

Darhan ya fashe da dariya yana share ido da hannun riga. Inju kuwa ta tako a hankali, tasa a hannu biyu don kada ta zube, ta tsaya gaban Kamshat. Ta gwada kalmar a bakinta, kamar mai gwada sabon takalmi.

"Mama," ta ce, "ki sha a hankali, da zafi."

Kamshat ta durƙusa a kan jar ƙasar nan ta rungume ta, shayin ya zube rabi, babu wanda ya kula.

Da Kamshat ta faɗa a bakin kogi, da ta samu sunan, amma da ta rasa suruka, ta raba zuciyar 'yarta biyu, ta bar mijinta a tsakiya har abada. Ta danne son ranta a lokacin da babu mai ganinta, sai Allah ya ba ta abin da take nema ta hannun wadda take tsoron za ta hana ta. Abin da mutum ya fizge yakan zo masa da rauni a jiki, wanda ya yi haƙuri aka miƙo masa kuwa yakan zo da albarkar kowa. Ranar, su huɗu suka koma gida a mota ɗaya, Inju a baya tsakanin uwayenta biyu.