Azumin Ilyasu a Oslo

A bakin sikelin gyaɗa na Maraɗi suka fara ganin juna, cikin kakar 1950. Ilyasu kwamis ne na wani kamfanin Faransawa, aikinsa rubuta nauyin buhu tun safe har la'asar. Tsahara ta rako gyaɗar mahaifinta daga Tsibiri. Ta leƙa takardarsa ta ce ya rage mata kilo biyu. Ya sake aunawa, ya tarar gaskiyarta ce. Mutane da yawa sun faɗa soyayya a kan abin da bai kai wannan ba.

Daga nan kowace Lahadi kekensa na hanyar Tsibiri. Yana kiranta Tauraruwa, ita kuma tana kiransa Mai Kilo Biyu. Mahaifinta, Malam Maidawa, bai ce komai ba, wanda a wurinsa alheri ne babba.

Sai Mushe, shugaban kamfanin, ya tashi tafiya Oslo, can ƙarshen arewacin ƙasar Turawa, wajen masu sayen man gyaɗa, ya ce Ilyasu zai riƙe masa takardu. Tafiyar za ta ci watan azumi. Ranar sallama Tsahara ta miƙa masa wasiƙa da ajami:

"Mai Kilo Biyu, ban roƙe ka turare ba, ban roƙe ka madubi ba. Ka dawo mini da azuminka talatin cif. Taka, Tsahara."

Ya yi alkawari, don ba wanda ya gaya masa yadda rana take a can.

Ya dawo ƙarshen damina a rame. Kafin ya huta, Rabo, wani ɗan kasuwar Jiratawa da ya daɗe yana aika wa gidan Malam albasa ba a tambaye shi ba, ya samo hoto daga hannun direban Mushe. A hoton, ga Ilyasu zaune a kan benci, wata Baturiya ta dafa kafaɗarsa, Turawa kewaye da su kowa da abinci a hannu, haske kamar rana tsaka. Rabo ya zaga da shi Tsibiri gida-gida, cikin baƙin ciki mai yawa.

Malam ya ce kada keken ya sake tsayawa ƙofarsa. Wasiƙar Tsahara ta biyu ba ta da tsawo:

"Ilyasu, ashe wannan karon fiye da kilo biyu ka rage mini."

Ya amsa: "Tauraruwa, na gaji da rantsuwa tun kafin in fara. Ki roƙi Baba ya saurare ni sau ɗaya."

Sai da mahaifiyarta ta sa baki har sau uku Malam ya yarda. Aka zauna a zaure bayan la'asar, Rabo ya kawo kansa da hotonsa, Tsahara na bayan zana tana tankaɗen garin da ta riga ta tankaɗe.

Ilyasu ya ba da labari ba tare da ado ba. Ranar hutu, in ji shi, masu masaukin suka saka su a babbar mota don a nuna musu gari, da wata jagora mai ɗaga lema kowa ya bi ta. Ya yi sahur wajen ƙarfe ɗaya, don gari ba ya yin duhu sosai, bai san inda asuba take ba. An kai su fadar sarki, suka tsaya kallon soja yana tsaye. An kai su wani ɗaki da aka gina wa tsofaffin jiragen ruwa, jiragen da ba sa zuwa ko'ina. An kai su lambu cike da mutanen dutse ba ko bante, ya yi awa guda yana kallon takalminsa. An hau da su tudu su ga inda mutane ke faɗowa da gangan lokacin ƙanƙara. Daga nan aka sauko bakin teku, ruwa ko'ina, ba na sha ba.

"Ƙarfe nawa aka sha ruwa?" Malam ya tambaya.

"Allah gafarta Malam, goma da rabi ta dare ta wuce rana na nan tana kallona."

Rabo ya yi dariya, ya ce ko a tatsuniya rana takan faɗi.

Malam ya karɓi hoton, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya daɗe yana dubawa. Ya tambayi Rabo ƙarfe nawa agogon hasumiyar da ke bayan benci ya nuna. Rabo ya duba, ya ce tara, a hankali. Malam ya nuna masa doguwar inuwar mutane a ƙasa: tara ta dare ce, rana ba ta faɗi ba. Ya nuna masa kofin da ke hannun Baturiyar, da tafin Ilyasu yana ture shi, da idanun Ilyasu da suka kusa juyewa.

"Wannan ba fuskar mai soyayya ba ce," in ji Malam. "Fuskar mai shirin suma ce."

Ya juya wajen Ilyasu. "Kai kuwa, a lakkwal, makarantar bokon naku, ba su gaya maka matafiyi yana da sauƙi ba? Ka sha, ka rama in ka dawo. Allah bai ɗora maka wannan ba."

"Na sani, Malam."

"To, wa ya ɗora maka?"

Ilyasu ya juya ya dubi zanar. Bayan zana kuma tankaɗe ya tsaya.

Malam ya miƙa wa Rabo hotonsa, ya gode masa da albasa. Ya ce ya taɓa ganin maƙaryaci ya zama miji, bai ji daɗin abin ba, amma wawa mai cika alkawari ana iya zama da shi. A turo manya.

Da Ilyasu ya fito zai hau keke, Tsahara ta tare shi da kwanon ruwa.

"Mai Kilo Biyu, ai da ka sha. Ni ma da na yafe."

"Da kin rubuta haka, Tauraruwa."

Aka ɗaura aure a Tsibiri bayan an cire gyaɗa. Malam da kansa ya yi addu'a, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya kuma ajiye su a ƙasar da rana ta san lokacin faɗuwarta. Jama'a suka shafa, Ilyasu ya fi kowa ƙarfin amin.